Labarin da Bai Iske Alu da Wuri Ba

Ranar Alhamis 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya fito daga Zariya da sojoji 722, da hafsoshi Turawa 24, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, ya miƙi hanyar Kano. Yawancin sojojin nan baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauran ƙabilu, masu aikin albashi. Bayansu ga dogon layin 'yan alaro ɗauke da harsashi da guzuri. A cikin tawagar akwai Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya, wanda Zagezagi suke kira Mai Jimina, shi ne bakin Turawan wajen magana da sarakuna. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sama, rafuka sun ja baya, an gama girbi, hatsi yana rumbu. A ƙasar Hausa babu lokacin da ya fi wannan sauƙin tafiya da runduna.

A ranar da suka fito, Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu, ba ya gari. Tun farkon watan ya tashi zuwa Sakkwato da dawaki wajen 2,000, da manyan hakimansa da jarumansa, ciki har da Waziri Ahmadu da Wambai Abbas, 'yan'uwansa. Birnin ya bar shi a hannun Sarkin Shanu da bayin sarki.

Tafiyar tana da dalili mai ƙarfi. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoban 1902, aka naɗa Attahiru. Tsakanin Alu da marigayin akwai tsohon miki, domin a Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 Sakkwato Sarkin Kano Tukur ta goya wa baya, Yusufawa kuwa, waɗanda Alu ya gaji jagorancinsu, da takobi suka karɓi Kano. Sabon Sarkin Musulmi dama ce ta ɗinke ɓaraka. Ga shi kuma Alu ɗan gida ne a can, mahaifiyarsa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Sannan ga maganar da ta fi kowace nauyi: me za a yi da Nasara? Sun ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, sun shiga Bauci a 1902, sun kafa bariki a Zariya, sun kama Sarkin Zazzau Kwasau sun tafi da shi. A cikin wasiƙun da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato bayan yaƙi akwai wadda Alu ya rubuta yana nuna cewa babu shawarar da ta fi a yi hijira a bar ƙasar. Irin wannan magana ba a gama ta a takarda. Dole a zauna gaba da gaba, kuma a zamanin, gaba da gaba na nufin tafiyar mako biyu ko fiye da haka ga ayarin sarki, zuwa kaɗai.

Garin farko da ya ce wa rundunar Morland a'a shi ne Bebeji.

Wanda ya san Bebeji ta yau kawai, da madatsar ruwan Tiga da gonakin rani, zai iya ɗauka ƙaramin gari ne a lokacin. Ba haka ba ne. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Clapperton, da ya ratsa ta a 1826 ya ƙiyasta mutanenta sun kai dubu ashirin ko fi. Zango ce babba a kan hanyar Kano zuwa Zariya, matattarar fatake, musamman Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Kuma gari ne mai ganuwa, kamar sauran garuruwan kudancin Kano. Mutanen wannan yanki, daga Ƙiru zuwa Rano zuwa Tudun Wada har dazukan da suka gangara wajen Doguwa da duwatsun Riruwai, sun yi shekaru da dama suna fama da harin Ningawa. Sun san abin da ake yi in an hango ƙura: a kaɗa gangar yaƙi, manoma su ruga cikin gari, a kora dabbobi ciki, a rufe ƙofa a danne ta da gungume, maharba su hau ganuwa, a tura mai doki ya kai labari birni. Mahari ba ya iya zaman kewaye gari na dogon lokaci. In ka riƙe ƙofarka kwana biyu ko uku, ko dai ya gaji ya koma, ko gudummawa ta iso. Wannan dabara ta yi musu aiki tun kakanni.

Ranar Lahadi 1 ga Fabrairu rundunar Morland ta tsaya a gaban Bebeji ta tarar da ƙofa a rufe. Abadie ya matsa aka yi magana, ya nemi a buɗe. Sarkin Bebeji ya ƙi, domin amanar gari a hannunsa take, kuma ubangidansa bai ba shi izinin miƙa ta ga kowa ba. Ba shi da hanyar da zai tambaya. Wanda zai ce masa buɗe ko kada ka buɗe yana can ƙasar Sakkwato, ɗaruruwan kilomita daga inda yake tsaye. Sai Turawa suka jawo igwa suka saita ƙofar. Sarkin da wasu manyan garin suna tsaye a bayanta, inda shugaba ya kamata ya tsaya a irin wannan rana. Harsashin ya farfasa ƙofar ya kashe su nan take. Sojoji suka kutsa, mutane suka watse, wuta ta kama wani ɓangare na garin. Abin da aka saba yi wa tanadin kwanaki ya ƙare a cikin ɗan lokaci kaɗan.

Daga nan labari ya yi gudun da ya fi na rundunar. Waɗanda suka tsira daga Bebeji suka bazu cikin ƙauyuka suna faɗin abin da idonsu ya gani, cewa akwai bindigar da take cin ƙofar gari daga nesa. Garuruwa masu ganuwa da ke tsakanin Bebeji da Kano babu wanda ya sake tsayawa. Morland ya wuce su ba tare da harbi ba har ya sauka a bakin kogin Calawa. A cikin da'irar tafiyar kwana ɗaya ko biyu, bakin mutane ya isa ya kai labari, kuma ya kai. Inda ya gaza shi ne nisan da ke tsakanin Calawa da inda sarki yake.

Ranar Talata 3 ga Fabrairu aka fuskanci ganuwar Kano. Igwa ta yi ta dukan ganuwar ba ta yi mata komai ba, saboda kaurinta, kuma ƙofar da suka fara gwadawa an gina ta a lanƙwashe yadda ba a iya saita ta kai tsaye. Sai suka zagaya yamma wajen Kabuga suka sami inda suka fasa. An kashe Kanawa wajen 300. Sarkin Shanu ya ja da baya zuwa gidan sarki da 'yan mutanen da suka rage masa, a nan ya yi yaƙi har aka kashe shi. Kafin rana ta faɗi birnin yana hannun Nasara, alhali mai birnin da mafi yawan baradensa ba su san an ma fito daga Zariya ba.

Masu nazarin tarihin Rumawa suna da wata tambaya da suke son juyawa: da a ce akwai waya a zamanin, me zai canja? Wani labari daga tarihin Rumawan ya yi kama da namu ƙwarai. A shekara ta 207 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Hannibal, jarumin birnin Kartaj da ke Tunisiya ta yau, ya shekara goma sha ɗaya yana yaƙi a cikin Italiya, yana kudancin ƙasar yana jiran gudummawa. Ƙaninsa Hasdrubal ya ƙetaro duwatsu daga arewa da sabuwar runduna. In rundunonin biyu suka haɗu, birnin Rum yana cikin babban haɗari. Hasdrubal ya rubuta wasiƙa yana faɗa wa wansa inda za su gamu, ya ba mahaya shida. Suka ratsa kusan tsawon Italiya gaba ɗaya, ta cikin ƙasar abokan gaba, amma Hannibal ya riga ya tashi daga inda suke zato. Suna neman sa suka ɓace, Rumawa suka kama su kusa da Tarentum.

Wasiƙar ta faɗa hannun Claudius Nero, shugaban rundunar da ke gadin Hannibal. Ya zaɓi dakaru 6,000 da mahaya 1,000, ya bar sauran a sansani yadda Hannibal ba zai ga alamar an ragu ba, ya yi ta tafiya dare da rana zuwa arewa, ya shiga sansanin abokin aikinsa da dare. Da gari ya waye Hasdrubal ya lura da tsofaffin garkuwoyi da ramammun dawaki da bai saba gani ba, ya kuma ji an busa ƙaho sau biyu a sansanin da ake busa sau ɗaya. Ya gane shugabanni biyu ne a gabansa. Abin da ya ɗauka shi ne an riga an gama da wansa. Ya yi ƙoƙarin janyewa cikin dare, 'yan jagora suka gudu suka bar shi, aka rutsa shi a bakin kogin Metaurus aka kashe shi. Nero ya koma kudu da kan Hasdrubal a cikin jaka, ya sa aka jefa shi a gaban masu gadin Hannibal. Ta haka Hannibal ya san ƙaninsa ya mutu.

Rumawa ba su yi sakaci da sha'anin aike ba. Sarki Augustus ya kafa tsarin zango-zango a kan manyan hanyoyi inda manzon hukuma yake sauya dabba, kuma a ƙa'ida yakan ci kilomita 70 zuwa 80 a rana. Da Sarki Nero, wanda ba shi ne na yaƙin Hannibal ba, ya mutu a shekara ta 68 Miladiyya, labarin ya iske Galba, wanda ya gaje shi, a Sifen cikin kwana bakwai, har aka riƙa ba da labarin wannan sauri don mamaki. Daular Usmaniyya ma tana da nata tsarin: kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, Kano ta hannun Waziri take bi, ga manzanni masu dawaki, ga wasiƙu da hatimi. A zamanin Alu, kusan shekara 1,900 bayan Augustus, gudun labari a ƙasar Hausa bai wuce gudun doki ba.

Sai dai a 1903 wayar ta riga ta zo ƙasar nan, a hannun ɓangare ɗaya. Tun 1886 aka haɗa Legas da Ingila da wayar ƙarƙashin teku, kuma Gwamna Lugga ya ja wayar tangaraho daga Legas ta Jebba har hedkwatarsa a Zungeru. Saƙon da zai tura Landan ba ya buƙatar makonni. Wannan ɓangaren labarin shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa wayar da ta fi kusa da ceton Bebeji ita ce wadda ke tsakanin Zungeru da Landan, kuma tana nan, tana aiki.

Gwamnatin Ingila ba ta son sabon yaƙi a lokacin. A watan Mayun 1902 ta gama yaƙin Afirka ta Kudu wanda ya cinye mata dukiya da rayuka, jama'a sun gaji. Lugga ya san haka. Yana da hujjojinsa: a farkon Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, Alu ya karɓe shi da girmamawa, ga kuma jita-jitar cewa Kano tana shirin afka wa barikin Zariya. Amma maimakon ya buga waya ya nemi izini tun farko, sai ya riƙa tara sojoji a Zariya, cikakken bayaninsa kuma ya sa a takarda ya ba jirgin ruwa, wanda zai yi makonni kafin ya isa. Ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka a jarida ta fara ganin maganar, a Disambar 1902, daga rahoton kamfanin dillancin labarai na Reuters. Ministan, Joseph Chamberlain, yana Afirka ta Kudu, Lord Onslow ne ke riƙe da ofis. Aka yi ta bugo wa Lugga waya ana tambayarsa me yake shiryawa, ana nuna masa ba a son yaƙi in da hali. Yana ba da amsa a taƙaice, yana cewa kare kai ne. Kafin a gama fahimtar girman abin, shiri ya yi nisan da janye shi zai zama abin kunya ga gwamnati, sai suka amince ba da son ransu ba, suka ce Janar Kemball ya je ya karɓi jagoranci. Kafin Kemball ya iso Zariya, Morland ya riga ya kama hanya.

Wato Alu ya rasa labari saboda nisa, Landan kuwa ta rasa shi saboda wanda ke riƙe da bakin wayar ya ga jinkiri ya fi masa amfani. Wannan ne ya sa ba na sakin jiki da masu cewa da akwai waya da tarihi ya gyaru. Rumawan ma suna da misalin da ya ja wa wannan magana birki. A shekara ta 9 Miladiyya aka hallaka rundunoni uku na Rum a dajin Teutoburg na ƙasar Jamus, kuma shugabansu Varus ba labari ya rasa ba. Wani basaraken Jamusawa, Segestes, ya faɗa masa baki da baki cewa Arminius, wanda yake ci yake sha tare da shi, yana shirya masa tarko. Varus ya ɗauki maganar a matsayin hassada tsakanin dangi.

Alu yana kan hanyar dawowa, a yankin Zamfara, labarin ya iske shi: an ci Bebeji, an ci Kano, Sarkin Shanu ya rasu, Nasara suna cikin gidan Dabo. Mutum 2,000 da dawakinsu suka wayi gari ba su da gida. Matansu da 'ya'yansu da rumbunansu suna hannun waɗanda za su je su yaƙa. A nan kan jama'a ya rabu. A Birnin Goga, kusa da Ƙauran Namoda, Alu ya sulale da dare da mutane kaɗan ya nufi arewa. Har yau ana muhawara a kan wannan dare, wasu su ce tsoro ne, wasu su ce hijirar da ya daɗe yana kira a yi ce ya fara. Ni dai na fi karkata ga na biyun, saboda wasiƙarsa ta riga daren da watanni, kuma mutumin da ake kira Mai Sango bai yi suna da gudun yaƙi ba. Amma ya tafi bai sallami kowa ba, kuma wannan ya bar rundunar cikin ruɗani.

Waziri Ahmadu ya ɗauki ragama ya ce sai Kano. Wambai Abbas ya ware da nasa mutanen ya bi wata hanya. A ƙarshen Fabrairu, kusa da dutsen Kwatarkwashi, jama'ar Waziri suka yi karo da 'yan sintiri su arba'in da 'yan kai ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright. Sojojin suka yi sahu mai kusurwa huɗu a bayan 'yar shingen ƙaya. Baraden Kano suka yi ta sukuwa a kansu, sahu bayan sahu, na wajen awa biyu, harsashi yana zubar da su kafin su kai. A nan Waziri Ahmadu ya faɗi tare da manyan Kano da dama, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Ingila ta ba Wright lambar yabo mafi girma ta soja saboda wannan rana. Abbas kuwa ya isa Kano a farkon Maris da dubban mutane, ya miƙa wuya, a farkon Afrilu Lugga ya naɗa shi sarki. Tsakanin waɗannan ranaku biyu Sakkwato ta faɗi, ranar 15 ga Maris.

To, da a ce ranar 29 ga Janairu wani bafatake a Zariya yana da irin wayar da ke aljihun kowane mai sayar da rake a Kwanar Ɗangora yau, ya kira Bebeji, Bebeji ta kira sarki, me zai faru? Ban ga yadda Kano za ta tsira ba. Doki da lifidi da mashi ba sa cin bindiga mai ruwa, kuma yaƙin Giginya a Sakkwato da na Burmi sun tabbatar da haka a cikin shekarar, a wuraren da shugabanni suke tsaye a gaban jama'arsu kuma sun san abokin gaba yana tafe. Ko da Alu ya ji a ranar, kwana biyar ba za su ishe shi ya dawo da runduna daga ƙasar Sakkwato ba. Abin da zai canja shi ne shawara. Sarkin Bebeji zai ji daga bakin ubangidansa ko ya tsaya ko ya kwashe mutanensa ya ba da hanya. Sarkin Shanu zai san ko gudummawa tana tafe ko ba ta tafe. Alu da Attahiru za su yanke magana ɗaya suna tare, da dawakin Kano a Sakkwato: ko a haɗa ƙarfi a wuri guda, ko a yi hijira da shiri da iyali da guzuri, ko a nemi sulhu tun ana da abin ciniki a hannu. Kowanne aka zaɓa a cikin ukun, zai zama zaɓin shugabanni ne da idonsu a buɗe. Abin da ya faru a zahiri shi ne kowa ya yanke tasa shawarar shi kaɗai, a wurin da labari ya same shi, kuma daga waɗannan shawarwari da aka yanke a warwatse aka sami wanda ya mutu, da wanda ya yi gudun hijira, da wanda zuriyarsa ke sarautar Kano har yau.

Alu bai yi nisa ba. An kama shi a ƙasar Gobir aka miƙa shi ga Turawa a Sakkwato. Suka kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lakwaja, inda suke tara sarakunan da suka tuɓe. Ya zauna a can yana karatu da rubutu da ibada fiye da shekara ashirin. A cikin waɗannan shekaru aka ja wayar tangaraho har Kano, jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911, Alhassan Ɗantata na Bebeji ya dawo daga fataucin Gwanja ya zama babban dillalin gyaɗa yana aiki da farashin da ake bugowa ta waya daga Legas. Alu ya rasu a Lakwaja a 1926, ba a taɓa barinsa ya koma Kano ba, kuma a can kabarinsa yake.